Muryar Inna a Taron Maza

Juma'a da dare, Banga.

Alhamdu lillahi, a tsakiyar unguwa za a haƙa mana burtsatse! Maza sun so a kai ta can bakin kasuwa, tunda su kaɗai ke zama taro. Ni kuwa jiya na bi gida-gida da wayata ina ɗaukar muryoyin mata, na tura guruf ɗin gari. Ƙafafuna har yanzu ciwo suke.

Yaya Sani ya ce kansila da kansa ya kunna saƙon Innarmu gaban dattawa: "Ku da ba ku ɗaukar tulu, mi kuka sani da nisa?" Wai daga nan aka ɗaga hannuwa, muka rinjaya.

Inna ba ta taɓa taka wurin taro ba. Yau daga bakin murhu ta yanke magana.