Gonar Baba da Takwarana

Tamanrasat, 9 ga Afrilu

Zuwa ga maiɗakina Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Dauda da Saratu. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiyar siminti da ta zame mani riga.

Lurwanu direba zai ba ki kuɗi tare da wannan takarda. Na fansar gonar Baba ne, wadda muka jinginar wa Tahiru shekarar da gero ya ƙi. Ki tafi da Kawu Iliya ya zama shaida, ku ba Tahiru tun ruwan shuka bai sauka ba. Kin san al'ada: in ya riga ya zuba iri, amfanin bana nasa ne, mu sai baɗi. Zakkar Ubangiji na ware ta daban, ki kai majami'a, kada Fasto ya ce bariki ta cinye ni.

Gonar na dawowa, ni ma na dawo. Na gaji da taliyar Larabawa, furar hannunki nake so.

Naki,
Isaka

Tamanrasat, 28 ga Mayu

Uwar Dauda,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na rubuta ne domin in na kira ki a waya zan faɗi abin da zan yi nadama.

Na karanta takardarki. Kin ce haihuwa ta gardame wa Raliya matar maƙwabcinmu Surajo, likitan Gazawa ya ce sai Maradi, Surajo yana can kudu da shanun mutane, kika kwance kuɗin gona kika biya mota da jini da magani. Kin ce kuma ruwa ya sauka, Tahiru ya yi shuka.

Ba na ganin laifin Tahiru. Ya jira, kuma ba a cewa ƙasa ta dakata da laima. Amma ke, Rahila! Duk unguwar nan babu mai akuyar sayarwa sai matar Isaka? Kin rubuto mani cewa dukiya ta Allah ce, mu masu riƙon amana ne. Na sani, ni na koya maku wannan a ajin Lahadi. Sai dai lokacin da nake koyarwa bayana bai san buhun siminti ba. Mai wa'azin bayarwa yana inuwa, mai nemowa yana rana. Hakkin Allah na fitar ban rage ko dala ba. Na ɗauka sauran nawa ne.

Yanzu sai in ƙara shekara a garin da in an ga jandarma kowa ke neman lungu. Saratu za ta shiga lakol ta fara karatun boko ban kama hannunta ba.

Ki gai da Inna. Kada ki gaya mata na yi fushi.

Isaka

Tamanrasat, 20 ga Yuli

Rahilata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku. Yaya damina? Yaya yara?

Na daɗe ban rubuto ba, ina ta shari'a da ke a zuciyata, kullum kuma ke ke ci. Na tambayi kaina: da ina gida ranar, Raliya tana kwance a amalanke a ƙofarmu, kuɗin yana aljihuna, zan ce masu na gona ne? Ba zan iya ba. Da na bayar ina gunaguni, amma da na bayar. To mene ne laifinki, don kin riga ni? Gona tana nan inda Baba ya bar ta, ba ta da ƙafa. Rai kuwa ba a jinginar da shi a fanso baɗi.

Ba zan yi maki ƙarya ba, har yanzu in na tuna geron Tahiru yana tashi a gonarmu sai in ji haushi. An koya mana Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai. Ni dai na bayar, daɗin ran yana wurinki. Tunda a ranar aurenmu aka ce mun zama jiki ɗaya, sai Ya haɗa biyun Ya karɓa.

Lurwanu ya ce Raliya ta sauka lafiya, Surajo ya dawo ya raɗa wa yaron suna Isaka, wai har liman ya yi dariya ya ce sunan annabi ne, ba na Kirista kaɗai ba. Kin ga abin da kika jawo mani: yanzu ina da takwara, kuma ba a barin takwara tsirara. Ga ƴan riguna biyu da hula cikin leda, na saya a kasuwar nan. In sun yi masa yawa, zai girma ya tarar da su, kamar yadda zan tarar da gonata.

Ki ce wa Tahiru ya zuba mata taki sosai. Baɗi ina zuwa.

Mijinki mai kewarki,
Isaka