Ranar da Kika Hana Mu Shawara

Zuwa ga Maman Uche, tsohuwar maƙwabciyata a Gyadi-Gyadi,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Uche da yara duka. Lambar da kika bar mini ranar da kuka koma gabas ta daina shiga tun bara. Shi ya sa na rubuta a nan inda jama'a za su gani, ko Allah zai sa wani ɗan garinku da ya taɓa zama Kano ya karanta miki. Na sha farawa ina gogewa, don ban san ko za ki so a faɗi wasu abubuwan a bainar jama'a ba. In na wuce gona da iri, ki yafe ni.

Labarin farko ba mai daɗi ba ne. Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, wadda ta zo daga Rano ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, ta rasu bayan ƙaramar Sallah. Na san za ki so ki ji.

Kin tuna gidan hayar nan mai famfo ɗaya? Duk cikinmu babu wadda aka binne cibiyarta a Kano. Ni daga Rano, Hadiza matar mai adaidaita daga Ringim, ke daga gabas. Kowace ta taho da irin miyarta, da kuma ƙullin maganin da uwarta ta cusa mata a jaka. Hausarki a kasuwar Tarauni kika koye ta, wajen sayar da manja da garin rogo, kuma ba ruwanki da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinki.

Ba a kai ga suna ba na lura farin idon jaririyata ya koma ruwan ɗorawa. Barci ya yi mata yawa, nono ma sai na tashe ta da ƙyar take kamawa. Babanta yana kan hanyar Legas da babbar mota. Na riƙa ce wa kaina, ni da wannan ce haihuwata ta fari, me na sani a gaban Gwaggo, matar da ta wanke jariran ƙauye guda?

Gwaggo ta duba ta ce, "Shawara ce, ba wani abu ba. Jiƙo da hantsi za su kore ta. Jaririn da ba a raɗa wa suna ba ba ya ƙetare ƙofa, ke kuma ɗanyen jiki gare ki."

Da hantsin nan kika shigo da farfesu a kwano, Hadiza tana biye da ke. Kika ɗauki yarinyar, kika kai ta bakin ƙofa wajen haske, kika buɗa idonta. Na ga fuskarki ta canja. Kika tambayi Gwaggo mene ne wannan, ta amsa miki a taƙaice: "Shawara ce."

Mu a wajenmu sunan ciwon ke nan. Ke kuwa shawara ɗaya kika sani, wadda ake zama a tattauna. Sai kika ɗauka Gwaggo tana nufin har yanzu muna zaune muna tunanin abin yi.

"Shawara? Mama, ka bar shawara! Yaro yana canja kala, kai kana shawara? Da wa za ka yi? Tashi mu tafi asibiti, in mun dawo ka yi shawara har gobe!"

Hadiza ce ta fara tuntsirewa da dariya. Gwaggo, wadda ko mijinta bai taɓa ɗaga mata murya ba, ta buɗe baki tana kallonki, can sai ita ma dariyar ta ƙwace mata har da hawaye. Ta ce, "Yau na ga ikon Allah. Ta mayar da ni namiji, ta kuma hana ni magana a ɗakin 'yata." Ke kuma kina tsaye da jaririya a hannu, kin rasa abin da ya ba mu dariya, faɗa kawai kike ƙarawa.

Na daɗe ina juya wannan ranar a raina, kuma mai yiwuwa fahimtata ba daidai ba ce. Amma ina ganin da kin san kalmar, da kin ce wa Gwaggo maganinta ba ya aiki. Da kuwa ba za ta motsa ba, don zai zama kin raina ta, kin raina uwar da ta koya mata. Sai Allah ya sa ba ki taɓa iliminta ba ko kaɗan, jinkiri kawai kika zarge ta da shi. Jinkiri kuwa, mutum yana iya miƙewa ya ƙaryata shi ba tare da ya ji kunya ba.

Gwaggo ta goge ido da bakin zane ta ce mini, "Ɗauko mayafinki, kafin wannan matar ta tara mana unguwa." A bakin ƙofa ta tsaya ta tofe yarinyar da addu'a, sannan ta ƙetare da ita da kanta. Mijin Hadiza ya kai mu.

A asibiti aka ɗibi jininta, aka tuɓe ta, aka rufe mata ido, aka kwantar da ita ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Gwaggo ta kasa zama, tana ta cewa sanyi zai kama ta. Likitan ya ce mun yi dabara da muka zo, don ciwon in ya hau sosai yana taɓa ƙwaƙwalwa da ji.

A kan bencin nan na waje kika faɗa mana abin da ban taɓa sani ba. Kin yi ɗa kafin Uche, a ƙauyenku. Idonsa ya canja kamar haka, mahaifiyarki ta riƙa sa shi a hantsi tana ba shi ruwan sukari, ke kuma kika yi shiru don ita ce babba. Bai kai a sa masa suna ba.

Sai Gwaggo ta kwance bakin zanenta, ta ɓare goro, ta miƙa miki rabi. Ta ce, "Ashe tsofaffinku ma hantsi suka sani."

Ranar suna maza suka yi addu'a a ƙofar gida, aka yanka rago, mai sunan tana kwance a asibiti. Gwaggo ta ce tunda take ba ta taɓa ganin suna babu jariri ba. Duk da haka ita ta ɗauki kason namanki ta kai miki har ɗaki, ba ta aiki kowa ba. A ranar Hadiza ta fassara miki kalmar, kika rufe fuska da hannu biyu kina cewa, "Hausa ya kashe ni!"

Gwaggo ba ta taɓa jefar da jiƙonta ba har ta koma ga Allah. Amma matan da suka zo gaisuwar rasuwarta sun ce duk jaririn da idonsa ya canja a unguwarsu, ita ke fara neman mota.

Yayata, jaririyar nan, Hafsa, ta girma. Tana sakandare a nan Daurawa inda muka koma, ta kere ni tsawo. Ko raɗa muka yi da babanta a ɗaki sai ta jiyo daga tsakar gida ta sa baki. Wani lokaci in tana musu da ni a kan wanke-wanke, sai in daina jin abin da take cewa, in tsaya ina kallon farin idonta.

Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya raya miki Uche da ƙannensa. Ɗan da kika rasa, Allah ya sanyaya miki zuciya a kansa. Yadda kika tsaya wa 'yar wata a garin da ba naki ba, duk inda naki suka shiga a duniya, Allah ya haɗa su da mai tsaya musu.

Ƙanwarki,
Maman Hafsa