Maraƙa a Kicin

Bowman, Dakota ta Arewa
18 ga Maris

Yaya Orville,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ranar Arizona tana gasa maka gwiwoyin nan yadda likita ya ce. Tunda kunnenka ya ƙi waya, sai ka yi haƙuri da mummunan rubutuna.

Albishirinka! Jar saniyar nan mai lamba 47 ta haifi tagwaye, mace da namiji. Shekara huɗu ina riƙe da garken nan ni kaɗai tun rasuwar mijina Gene, ban taɓa samun biyu a ciki ɗaya ba. Sai dai uwar ta lashe namijin tsaf, ta tafi da shi, ta bar macen kwance cikin dusar ƙanƙara kamar ba ita ta haife ta ba. Da na kai mata ita, sai ta sa kai ta ture ta. Sau uku!

Na naɗe ta a bargo na kawo ta kicin, na tatsi dakashi na ɗura mata. Yanzu haka tana gefen murhu tana tsotsar igiyar takalmina. Na sa mata suna Minnie.

Ƙanwarka,
Marlys

Mesa, Arizona
26 ga Maris

Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki barka, rabi da rabi. Baba ya sha gaya mana tagwaye a garken nama wahala ce mai ƙafa takwas. Kin kuma sani sarai, macen da aka haifa tare da namiji yawanci juya ce, ba za ta ba ki ko maraƙi ɗaya ba. Ki kai ta kasuwa ranar Litinin tun tana da rai. Saura shanu tamanin ba su haihu ba, ke kuma shekarunki sittin da uku. Wa zai duba su kina can kina raino?

Saniya a kicin ɗin Mama! Da tana raye, da tsintsiya za ta kore ku, ke da ita.

Yayanki,
Orville

Bowman
9 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Ba zan sayar ba, kuma Mama da kanta ta taɓa renon ɗan rago a cikin kwandon wanki, kai ne ka manta.

Makon jiya na sha tsoro. Zawo ya kama Minnie, ta daina karɓar kwalba, idanunta suka faɗa. Likitar dabbobi ta ce madarar gari ba ta karɓe ta ba, uwa take buƙata. Na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata, na yi kukan da ban yi ba tun jana'izar Gene.

Ran Laraba da safe sai ga mota a ƙofa. Kada ka yage takardar nan: maƙwabcinmu Duane Fettig ne. Ya tsaya riƙe da hula ya ce, "Marlys, na ji kina da 'ya ba uwa. Ni kuma ina da uwa ba ɗa, nata ya mutu jiya. Ko mu haɗa su?"

Na ce, "Kai da ba ka taka gidan nan ba shekara ashirin?"

Ya ce, "Ai da yayanki na yi faɗa, ba da maraƙarki ba."

Ya feɗe mataccen, muka sa wa Minnie fatar kamar riga, muka ɗaure da igiya. Baƙar saniyarsa ta sunsuna, ta yi tsaki irin nasu, ta sake sunsunawa. Duane ya ce, "Haba Madam, ɗanki ne, wanka kawai ya yi." Sai ta fara lasa! Minnie ta kama nono, wutsiya sai kaɗawa take. Na rungume Duane ban sani ba.

Taka,
Marlys

Mesa
17 ga Afrilu

Marlys,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi maraƙar ta tashi, ba zan ɓoye ba. Amma Duane Fettig! Mutumin da bijiminsa ya tsallake shinge ya hau karsanoni tara, ya kuma ce shingena ne gajere? Ki yi masa godiya, ki ba shi kek, ki rufe ƙofa.

Wani abu kuma. Yanzu saniyar tana gidansa ne ko gidanki? Kuma wace irin runguma ce mutum zai yi bai sani ba?

Orville

Bowman
6 ga Mayu

Yayana na kaina,

Bayan gaisuwa, ka cika tambaya kamar alƙali. Saniyar tana gidana, shi ya sa yake zuwa duba ta kullum da safe. Jiya na ce masa, "Duane, saniyar nan lafiyarta ƙalau." Ya ce, "Na sani, kofin ne bai ƙare ba."

Shi ya taya ni karɓar haihuwar sauran, ba mu rasa ko ɗaya ba. Minnie ta yi ɓul-ɓul, har ta kusa kamo ɗan'uwanta. Suna haɗuwa a bakin kwamin ruwa su yi ta karo, iyayen biyu suna hararar juna. Batun bijimi kuma ya ce in gaya maka shi ne da laifi, tun a lokacin ma ya sani, bakinka ne ya hana shi faɗa.

Ranar 14 ga Yuni za mu sa wa maruƙa lamba, garkena da nasa a haɗe. Ka zo. Ka taho da baƙar kwat ɗinka, domin washegari akwai ɗan abin da za a yi a coci, kuma babu wanda zai riƙe hannuna ya shiga da ni a matsayin amarya sai kai.

Autarka,
Marlys

Mesa
13 ga Mayu

Auta,

Na gwada kwat ɗin, maɓalli biyu sun ƙi haɗuwa. Na kai wa tela.

Ku zo ku ɗauke ni a filin jirgi ranar 12. Shi zai tuƙa, ke ki zauna a baya. Ina da magana da shi.

Yayanki,
Orville