Fuskar Baba a Bango

Litinin, 26 ga Mayu, 1578
Yau aka loda manyan gari da limaman Katolika a kwale-kwale, aka fitar da su daga Amsterdam. 'Yan Furotesta sun karɓi gari. Ƙanena Lubbert na gaba-gaba, sai ka ce shi ya ci yaƙin.

Alhamis, 29 ga Mayu
Inna ta dafa masa wake da naman alade. Shekararsa goma yana gudun hijira a Emden, ni ke ɗauke da ita, ban taɓa ganin wannan tukunyar ba. "Autana ya dawo." To, madalla.

Lahadi, 8 ga Yuni
Shi aka ba aikin shafe zanen cocin unguwarmu da farar ƙasa, don 'yan Furotesta ba sa son hotuna a coci. Lubbert! Wanda ko agwagwa bai iya zanawa ba. Yanzu har cire masa hula ake yi a kasuwar kifi, ni kuwa ba mai kallona. Yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Waliyyi Kiristofa na bangon arewa ni na zana, da fuskar marigayi Baba. An ce wanda ya kalle shi da safe ba zai yi mutuwar fuju'a ran nan ba. Inna ba ta fashin zuwa kallonsa.

Laraba, 18 ga Yuni
Na je, wai wucewa nake. Yana kan tsani.
"Yaya Evert, ka zo koyon sana'a?"
Na ce, "Shafe-shafe ma sana'a ce? Fuskar ubanka ce dai, kar hannunka ya yi rawa."
Ko juyowa bai yi ba.

Juma'a, 20 ga Yuni
Ya shafe. Ban ci abinci ba.

Lahadi, 29 ga Yuni
Ruwa tun Alhamis, bango ya sha danshi. Na raka Inna coci, don kawai kar ta zame a hanya. Ana tsakiyar wa'azi ta damƙe hannuna. Idanun Baba ne ke leƙowa ta cikin farin, har da gemun.

Ko'ina shafi uku Lubbert ya yi, yadda dattawan cocin suka umarta. Nan kaɗai ɗaya, tsararo kuma. In sun gane, ya rasa aikin ke nan.

A ƙofa na ce masa, "Aikinka bai yi kyau ba."
Ya ce, "Na sani, Yaya. Kullum kai ne gwani."

Na ci waken a gidansa. Gishiri ya yi yawa, amma na ƙara.