Na Tafi da Salman Likoro

Mukarrama,

Na leƙo kina barci, ban tashe ki ba. Jiya da malamar asibiti ta buɗe bandeji na ga ɗinkin, abinci ma kasa ci na yi. Kullum kukanki ciwon baya da kafaɗa, to an rage miki nonon, sai ki huta.

Da kunnena na ji likita: ba ɗaukar yaro sai kin warke, wanda za ki haifa gaba ma wataƙila ba zai samu na sha ba. Don haka na tafi da ɗanki Salman garin Likoro. Ya yi ta kiran Umma, na ce Umma ba ta da hannun ɗaukarsa.

Kada ki turo mijinki. Ɗana ne, ni na shayar da shi, ba zai musa mini ba.

Inna