Sule Mai Jirgi da Idon Baba

Zuwa ga ƙanena, Sarkin Gaggawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa wadda takarda ba za ta ɗauke ba, da fatan wannan wasiƙa za ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Allah ya sa albarka a aikinka, ya sauƙaƙa maka zaman nesa da gida, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yawonta na duba marasa lafiyar da suka fi ta lafiya. Baban yara yana fama da shago, yaran kuma suna ta girma suna cinye mu. Idon Baba ne dai ya ƙara ja baya. Likita ya ce jijiyar ce ta gaji, ba yana ba ce balle a kankare. Yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa, sai inuwar mutum idan ya tsaya a bakin ƙofa. Amma kunnensa da bakinsa suna nan garau, ka kuwa san abin da hakan ke nufi ga mutanen gida.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Maganar sulen da ka aiko wa Baba ce. Ka san akwatin nan nasa mai shimfiɗar baƙin ƙyalle, wanda ya jera sulallan bugun musamman a ciki tun yana gyaran agogo, ka kuma san gurbin nan ɗaya da ya rage, na mai hoton jirgin ruwa, wanda ya nema har idonsa ya ƙare bai samu ba. Da ka ga an sa shi a kasuwa ka yi wuf ka saya don ka faranta masa, kuma wallahi na ji daɗin niyyarka har cikin raina. Ranar da saƙon ya iso Baba ya sa aka buɗe a gabansa. Ya karɓi sulen ta gefe, kamar yadda ya saba, ya zagaya bakinsa da babban yatsa, ya sa maka albarka mai tsawo. Daga nan ya miƙo mini, ya ce in duba a tsanake in gaya masa abin da na gani, tunda ni ce idonsa yanzu.

Da yake lokacin da Baba ke koya mana wannan karatu kai kana waje kana bin ƙwallo, bari in maimaita maka. Sulen bugun musamman, wanda Baba ke kira mai madubi, ba don saye da sayarwa ake yin sa ba. Ana goge hatimin ƙarfen da za a buga shi da shi har ya yi sumul, a goge shi kansa ƙarfen sulen, sannan a buga a hankali fiye da sau ɗaya, a sa shi a mazubi ba tare da ya gogi ɗan'uwansa ba. Shi ya sa filinsa yake zama madubi mai zurfi, har ka ga ƙwayar idonka a ciki. Hoton da rubutun kuwa, a irin jerin da Baba ya tara, ba sa sheƙi, fari ne dushi-dushi kamar an barbaɗa musu garin alli, sai su fito raɗau a kan filin. Bakinsa kuma a tsaye yake, mai kusurwa, har ka ji kaifinsa a yatsa. Mutane da yawa suna ɗauka sheƙi ne shaida, shi ya sa masu wayo ke ɗaukar sulen da ya sha hannu a kasuwa su yi ta dirza shi da man goge ƙarfe har ya ɗauki ido, su sa a mazubi mai kyau da takardar shaida. Takarda kuwa kowa na iya bugawa.

Da safe na zauna a tsohon teburin aikin Baba, wanda ke jikin taga, na sa safar hannu ta auduga, na maƙala gilashinsa na duba cikin agogo a idona. Na kunna fitilar tebur, na karkata sulen a ƙarƙashinta a hankali. Ƙanena, ban so abin da na gani ba. Filin cike yake da ƙananan layuka sirara kamar gashi, sun bi ta gefe ɗaya, irin sawun da tsumma ke bari. Jirgin da ya kamata ya yi fari dushi-dushi shi ma sheƙi yake yi kamar filin, igiyoyinsa sun shafe, tutarsa ta zama dunƙule. A lungunan haruffa, inda tsumma ba ya kaiwa, tsohuwar dauɗa tana nan a maƙale. Bakinsa kuma ya mulmule. Na ɗauko ɗaya daga cikin na akwatin na ajiye kusa da shi, sai magana ta ƙare. Sulen na gaske ne, ba jabu ba, nauyinsa ma daidai a ma'aunin Baba, amma na kashewa ne da aka yi wa wanka. Ƙyalƙyal banza, in ji Baba idan ya ga irinsu a da.

Da na kira ka na gaya maka, ka tuna abin da ka ce. Ka ce tunda Baba ba ya gani, in ce masa na ainihi ne kawai, in sa a gurbin a rufe akwati, ya samu abin da ya daɗe yana nema. Na san ba don kanka ka faɗa ba. Inna ma da na shawarce ta bayanka ta bi, ta ce tsoho ne, a bar shi da farin cikinsa, wa zai zo ya bincika. Na yi ta juya maganar ina ɗinki ina ɓata layi. Sau da yawa na shirya ƙaryar tsaf, har da kalmomin da zan yi ado da su. Abin da ya hana ni shi ne, ba sule kaɗai nake duba wa Baba ba. Ni ke karanta masa sunan magani, ni ke gaya masa wanda ya shigo ɗaki, ni ke ce masa rigarsa ta yi tsabta, ni ke ce masa akwai matakala a gabansa. Duk abin da na ce, da shi yake ɗaga ƙafa. Idan na fara zaɓar masa abin da zai gani don ya ji daɗi, to na zama ido mai ƙarya, kuma ba shi da wani. Na ƙudura a raina ko zai yi kuka, ko kai za ka yi fushi da ni, gaskiya zan faɗa.

Na same shi da hantsi a kujerarsa, rediyo na ta surutu a gefensa. Na rage muryar rediyon, na durƙusa, na gaya masa komai dalla-dalla, layukan, da jirgin, da dauɗar lungu, ban rage ba ban ƙara ba. Na zaci ransa ne zai ɓaci. Can sai ya yi dariyar nan tasa ta hanci, ya ce ai tun ranar da ya zagaya bakin sulen da yatsa ya san labari, don yatsan da ya ƙare rayuwarsa a cikin agogo ba ya rasa gane bakin da ya mulmule. Ya ce shi ba sulen yake jira a duba masa ba. Tun da idonsa ya tafi yake kwana da tunani ɗaya, ko abin da muke gaya masa shi ne abin da ke nan, ko kuwa lallashinsa muke yi kamar jariri. Ya ce yau ya gwada sabon idonsa ya ga na ainihi ne. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, Inna kuwa da ke laɓe a ƙofa ta sulale ta koma kicin.

Na tambaye shi ko in mayar maka da sulen ka nemi wanda ya sayar. Ya ce sam, in miƙo masa. Ya sa babban yatsa a tsakiyar fuskar sulen ya murza, abin da a da idan muka yi sai an buge mana hannu. Ya ce duk na cikin akwatin ba ya ganinsu, kuma ba a taɓa fuskarsu, sun zama na masu ido. Wannan kuwa an riga an dirje shi, babu abin da yatsa zai ɓata, kuma ɗansa ne ya aiko. Ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa. Yanzu kullum yana can, idan ya zauna shiru sai ka ga hannunsa ya tafi wurin. Amma bai yarda a sa shi a akwati ba, ya ce gurbin ya zauna a buɗe har mai shi ya zo.

To ka ji, kuma ni na ɗaura ɗamara, sai na cike wannan gurbi da mai madubi na ainihi tun Baba yana raye, in Allah ya yarda. Mai nema yana tare da samu. Kai ne kusa da manyan masu sayarwa, don haka ba na cire ka a aikin, sharaɗi kawai zan kafa maka. Idan ka ga wani, kada ka yi wuf. Ka nemi hotonsa gaba da baya a ƙarƙashin fitila an karkata shi, da hoton bakinsa daga gefe, ka turo mini. Ka tambaya ko wata cibiya da aka yarda da ita ta tantance shi ta rufe a mazubi, kuma ko za a karɓa idan an mayar. Wanda ya ce ka yi sauri wani na jira, ka bar wa wanin. Sauri ya haifi nawa, kai kuma an daɗe da naɗa ka sarautarsa.

Ka gaishe mini da Amarya, ka ce mata ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan Ƙaramin Baba da 'Yar Lele. Inna tana gaishe ku, Goggo da Kawu suna sa albarka, baban yara ya ce a miƙa gaisuwarsa. Baba kuma, da na ce masa ina rubuto maka, ya dafa aljihunsa ya ce in gaya maka jirginka ya iso lafiya.

Allah ya bar zumunci.

Taka har kullum,
Yayarka, idon Baba.