Loma Daga Bakin Inna

Albarika, Parakou
Farkon Rajab

Zuwa ga Yayata Balkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Muttaƙa da yara. Yaya ƙarfin jikin Inna? Yaya 'yata Latifa 'yar rigima, ta haƙura da nono ko har yanzu tana hana Djougou sakat?

Na san za ki ce wane sabon salo ne Dalhatu ya koma rubuta wasiƙa alhali ga waya. Ai kin san halin Inna, da wayarki ta yi ƙara sai ta matso ta ce a buɗe murya kowa ya ji. Shi ya sa na ba Bachir direba wannan, ya damƙa miki hannu da hannu.

Ciwon cikin nan da nake ce muku gyambo ne, na sha kanwa na sha jiƙo, ya ƙi ji. Makon jiya ina tsaye a tashar Gar ana loda wa babbar mota auduga, sai ga ni ina aman jini a gaban 'yan dako. Matata Lauratu ta kai ni asibiti, suka zura mini wani siririn tiyo mai ido ta maƙogwaro, suka tsakuro ɗan nama aka kai Cotonou a duba. Wallahi Yaya, tun ranar marigayi Yaya Abdulrazak nake ta tunawa. Haka nasa ya fara, ya yi loma biyu ya ce ya ƙoshi, muna yi masa tsiya wai son amarya ne.

Kada ki gaya wa Inna. Gara da yayen Latifa ya zo yanzu, hankalin tsohuwa yana kan jikarta, ita kuma Lauratu ta samu hannun jinyata.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Dalhatu

*

Albarika, Parakou
Ƙarshen Rajab

Yaya Balkisu,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fatan gida lafiya, Inna lafiya, Latifa lafiya. Doyar da kika aiko ta iso, Lauratu na godiya. Ni dai kallon sakwarar na yi.

Sakamako ya dawo. Ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki yi kukanki a ɓoye, sannan ki ci gaba da karantawa, don ba saboda kaina na rubuto ba.

Likitar mace ce mai haƙuri, ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbin mutane da yawa a ƙasar nan, wani har ya tsufa bai san da ita ba. Amma su ma dangi-dangi ne, kowace da halin da ta gada. Wata kamar ɗan haya mai zaman lafiya, wata kuwa bangon ɗakin take ci. Tawa irin mai cin bangon ce. Ta ce ko mugun irin ba kowa yake kayarwa ba, ya danganta da jikin mutum. Yawanci tun ana yara ake ɗauka, a cikin gida, ta ruwa ko ta yawu. Da na ba ta labarin Yaya Abdulrazak sai ta tambaya ko a gidanmu ana tauna wa yara abinci.

Yaya, ni da Lauratu muka kalli juna. Bidiyon nan da kika turo, Inna ta ɗora Latifa a cinya tana tauna mata nama da wagashi, cukun nan na Fulani, tana sa mata a baki, kuna ta dariya. Na kalle shi ba adadi don daɗi. Yanzu ko buɗe shi ba na iyawa.

Don girman Allah ki hana ta. Yarinyar nan ita kaɗai zan bari. Amma ki bi da dabara, ki ce ma'aikatan awo sun ce taunar na hana haƙori ƙwari, ko wani abu dai, ke ce uwar iya tsara magana. Kada Inna ta ji ainihin dalili. Matar da ta binne ɗa guda, wani na hanya, ba za ta ɗauki wannan ba.

Ke ma ki je a gwada ki, ki san yadda za ki ja Inna. In an gano da wuri magani na kashe ƙwayar. Ni ne dai taurin kai ya sa na tsaya shan kanwa.

Ki shafa mini kan Latifa.

Naki,
Dalhatu

*

Albarika, Parakou
Tsakiyar Sha'aban

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ɗawainiya. Lauratu ce ke riƙe mini takardar, ki yi haƙuri da karkacewar rubutun.

Amsarki ta zo, kuma ban ga laifinki ba, ki daina cewa in yafe miki. Na san Inna. Ina jin muryarta sarai lokacin da ta yi wa zancen haƙorin dariya, ta ce duk da haka ta raine mu kuma babu mai wawulo a cikinmu. Kin ga ta kai loma bakin yarinya, kika fizge ta, magana ta kuɓuce miki. Ko ni ne a wurin abin da zan yi ke nan.

Amma abin da kika ce ya biyo baya ya fi mini ciwon nan zafi. Wai Inna ta ware kwanonta da moɗarta, tana cin abinci a bayan ɗaki ita kaɗai, in ma ta ci. Wai in Latifa ta nufo ta da gudu sai ta toshe baki da gyale ta juya baya, yarinya na kuka tana kuka. Ko tofin addu'ar da take yi wa jikoki da safe ta bari. Wai bakinta ya cinye mata 'ya'ya biyu. Kai, Yaya! Na yi kuka kamar ba namiji ba. Na roƙi a kare mini 'ya, an kare, ga shi na kashe uwata da ranta.

Na sake tambayar likitar. Ta ce ba za ta iya rantsewa daga wa muka ɗauka ba, tana iya zama tsohuwar rijiyar gidanmu ce. In ma daga Inna ne, ita wa ya ba ta? Ai ita ma tauna mata aka yi. Ki tuna mata shekarar da ƙyanda ta kama ni, bakina duk ya yi ƙuraje, kowa ya fid da rai. Da me na rayu in ba da taunarta ba?

Sai dai na san magana ba za ta shige ta ba. Saboda haka ki kawo mini ita. An sallame ni, sun ce sauran jinyar ta gida ce, kin gane. Kada ku ce sai bayan azumi, ku biyo Bachir a zuwansa na gaba. Maganin kashe ƙwayar za ta sha saboda Latifa, ni zan lallashe ta. Amma kafin nan Lauratu za ta shimfiɗa mana tabarma, ta ajiye kwano ɗaya tsakanina da ita. Yanzu ko koko da ƙyar yake wuce mini, nama kuwa na manta ɗanɗanonsa. Ki ce mata ɗanta na jin yunwa, kuma ba ya iya taunawa. Ni babu sauran abin da zan ji tsoro daga bakinta, ta zo ta ba ni.

Allah ya sa mu gana. In kuma ba mu gana ba, ki riƙe mini su biyun, Inna da Latifa.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Dalhatu